Me ya sa gwajin ƙanjamau na jariri ya bambanta da na uwarsa?

Iyaye mata kan yi wa ungozoma wannan tambayar a ɗakin awo: "Ni da aka soki yatsana, ban bar kan benci ba aka faɗa mini sakamako. Don me na jaririna sai an jira?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana iya ceton ran yaro.

Gwajin gaggawa da ake yi wa manya ba ƙwayar cutar yake gani ba. Idan ƙwayar ƙanjamau, wadda wasu ke kira Sida, ta shiga jikin mutum, jiki yakan ƙera dakaru na musamman don yaƙarta. Waɗannan dakarun ne gwajin ke nema. Kamar mutum ne ya ga sawun kura a bakin garke, ya tabbatar ta zo ko da bai gan ta ba.

Ga jariri kuwa sawu yana ruɗi. Tun yana ciki dakarun uwa suke ratsa mahaifa su shiga jininsa, kuma suna iya zama a jikinsa har watanni 18. Saboda haka jaririn da ba ya ɗauke da komai yana iya nuna alamar cutar a gwajin gaggawa, alhali sawun uwarsa ne aka gani. Dole a nemi kurar da kanta.

Yadda ake gano ƙwayar kanta

Kowane abu mai rai yana da rubutun gado a cikinsa, wanda masana ke kira DNA. Da haruffa huɗu kacal ake yin wannan rubutu, kuma kowane harafi yana da abokinsa guda da yake manne masa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Ita ma ƙwayar ƙanjamau tana da nata rubutun, wanda take cusawa cikin ƙwayoyin jinin mutum. A ɗakin gwaji ana ɗaukar ɗigon jini, a sa na'ura ta kwafi wani yanki na rubutun ƙwayar sau miliyoyi har ya yi yawan da za a iya gani. Idan babu ƙwayar, babu abin kwafa.

Daga wannan dabi'a ta mannewa masana suka ƙirƙiro wani ɗan allon gilashi da bai wuce girman farcen babban yatsa ba. A kansa akwai dubban gurabe, kowanne an dasa masa guntun rubutu daban. Ana shafa wa rubutun da aka kwafo daga jini wani launi mai ƙyalli, a zuba shi a kan allon. Duk gurbin da ya dace da shi sai ya manne, sauran a wanke su tafi. Na'ura mai haske ta bi ta kai, kwamfuta ta karanta guraben da suka yi ƙyalli. Kamfanin Affymetrix na Amurka ya yi irin wannan allo don ƙanjamau tun wajen 1996.

Amfaninsa ya wuce a ce akwai ko babu. Ƙwayar ƙanjamau tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, harafi ya canja nan, wani ya canja can. Wani canjin yakan sa magani ya daina kama ta. Allon yana nuna waɗanne haruffa suka canja, likita ya san maganin da ƙwayar ta bijire wa. Gaskiyar magana, ba za ku ga wannan allo a asibitin sansani ba, kuma a yau manyan ɗakunan gwaji sun fi karanta rubutun ƙwayar kai tsaye, harafi bayan harafi. Amma tushen ilimin ɗaya ne da na gwajin da ake yi wa 'ya'yanku.

Abin da za ku tarar a asibiti

Hanya biyu ce. A wasu wurare ana sokar diddigen jariri ko babban yatsan ƙafarsa, a ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, a bar shi ya bushe, a aika birni. Busasshen jini yana jure tafiya ba tare da firji ba, sai dai sakamako yana iya ɗaukar makonni. A wasu wuraren kuma akwai ƙaramar na'ura irin GeneXpert, wadda ake gwajin tarin fuka da ita: ana zuba jinin cikin ɗan kwanso, a samu amsa cikin awa ɗaya da rabi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da irin waɗannan na'urori ga jarirai don a samu sakamako a ranar.

Ga uwar da ke ɗauke da ƙwayar, lokutan su ne: gwajin farko idan jariri ya kai makonni 4 zuwa 6, na biyu a watanni 9, na ƙarshe a watanni 18 ko watanni 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Sakamako mai kyau na farko bai rufe magana ba muddin yaro yana shan nono. Wannan ba dalilin hana shi nono ba ne. Uwar da ke shan maganinta kullum ta ci gaba da shayarwa.

Kada a jira sai yaro ya fara ciwo. Cikin jariran da suka kamu ba a ba su magani ba, kusan rabi ba sa kai shekara biyu. Wanda aka gano da wuri aka ɗora shi kan magani yana girma, ya yi makaranta kamar sauran yara. Idan uwa ba ta samu kulawa ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan kamu. Da magani lokacin ciki, haihuwa da shayarwa, adadin yana sauka ƙasa da 5.

Su ma manya masu shan magani ana yi musu irin wannan gwaji don ƙidaya yawan ƙwayar a jini: bayan watanni 6 da fara magani, sai a watanni 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan ta haura 1,000 a cikin mililita ɗaya, ma'aikacin lafiya zai zauna da ku ya ji yadda kuke shan maganin, a sake gwaji bayan watanni 3 kafin a yi maganar canja shi. Da yawa gudun hijira ne ya katse musu magani. Ba abin kunya ba ne, ku faɗi tsawon lokacin da kuka yi babu shi. Idan kuna da tsohon kati ko kwalbar magani daga gida, ko da babu komai a ciki, ku zo da ita.

Gwajin na ganin dama ne, kuma sakamakon sirri ne tsakaninku da ma'aikacin lafiya. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta yarda da gwajin dole ba, kuma a matsayarta ɗauke da ƙwayar ba dalili ba ne na hana mutum mafaka ko mayar da shi inda ya gudo.

Idan an ɗauki jinin jaririnku, kafin ku bar ɗakin ku tambayi ranar da za ku dawo, a rubuta muku ita a katin yaron. Idan za ku bar sansanin ko ku koma gida kafin ranar, ku sanar da ungozoma don a san inda za a kai muku sakamakon.