Bashin Shinkafa Bai Mutu Ba, Yana Jira a Ƙofar Banki

Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. Manoman shinkafa daga Jega, Aliero, Maiyama da garuruwa irin su Dangamaji suka shiga ƙungiya-ƙungiya, aka ɗauki lambar tantancewar banki, wato BVN, ta kowa, aka ba su iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, da sharaɗin su biya da shinkafa ko kuɗi bayan girbi, kuɗin ruwa bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Wasu sun biya. Wasu ambaliyar 2020 ta kwashe gonakinsu. Wasu kuma tun farko sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, don haka ba su ma yi niyyar biya ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ya canza shi ne yanzu bashin banki yana da rajista da ba ta mantuwa. A ƙarƙashin dokar bayanan bashi ta 2017, bankuna na aika sunayen masu cin bashi da yadda suke biya zuwa kamfanoni uku masu lasisi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Kafin banki ya ba ka sabon rance, sai ya duba rahotonka a wajen aƙalla biyu daga cikinsu. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma aka fara tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin daban, muddin ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Zamanin da mutum zai gudu daga banki ɗaya ya buɗe asusu a na gaba da titi ya wuce.

To wanda bashi ya yi wa nauyi, ina mafita? Hanyoyin ba ɗaya ba ne, kuma tabon da kowacce ke bari ba ɗaya ba ne.

Mafi sauƙin tabo ita ce mutum ya je da ƙafarsa tun kafin lokacin biya ya wuce, ya nemi a ɗaga masa ƙafa ko a sake tsara biyan, a tsawaita wa'adi, a rage abin da zai riƙa bayarwa. Babban Bankin kansa ya yi haka a Maris 2020 lokacin korona: ya ba da jinkirin shekara guda a kan rancensa na tallafi, ya sauko da ruwa daga kashi 9 zuwa 5. Wanda ya bi sabon tsari yana biya a kan kari, rahotonsa zai nuna mutum ne da ya yi tuntuɓe ya miƙe.

Sai sasanci: banki ya yafe ruwa ko tara, ka biya uwar kuɗi a rufe magana. Wannan na sauke nauyi, amma tarihin jinkirin yana nan a rubuce na tsawon shekaru. A nan ne mutane da yawa ke sakaci. An biya, an yi musabaha, an koma gida, ba a karɓi takardar shaidar kammala biya ba. Shekara uku ko huɗu sai a je neman wani rance a tarar suna na nan cikin waɗanda ake bi. Takardar nan mai tambarin banki ta cancanci a adana ta tare da takardar fili. Doka ta kuma ba kowa damar neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ya ƙalubalanci kuskure in ya gani, kuma wannan na da muhimmanci a yankin da manoma suka daɗe suna kokawa cewa an karɓi kaya da sunayensu ba su gani ba.

Hanyar da ta fi ruɗar jama'a ita ce in an ji banki "ya share" bashi. Sharewa lissafin cikin gida ne na banki, ya cire shi daga abin da yake sa ran samu. Ba yafewa ba ne. Haƙƙin bin ka yana nan, kuma a rahoto ita ce alama mafi muni. Cin bashin manhajojin waya don toshe na banki kuwa, ba ya buƙatar dogon bayani: ruwansu ya fi yawa, wa'adinsu ya fi gajarta.

Tabon nan ya fi ciwo ranar da aka je neman rancen gida. Wani zai ce ina ruwan manomin Dangamaji da rancen gida, shi da ke gini bulo-bulo duk bayan kaka, in albasa ta yi kuɗi ya sayi kwano? Gaskiya ne, akasarin gidajen yankin haka aka gina su. Amma a Kebbi malamin firamare manomi ne, ma'aikaciyar asibiti a Jega tana da gona, ma'aikacin jami'a a Aliero yana noman rani. Irin waɗannan ne aka yi dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 dominsu: ana cire kashi 2.5 na albashi, mai zubi kuma na iya neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekara har 30. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikaci ya yi amfani da har kashi 25 na ajiyar fanshonsa wajen biyan kasonsa na farko na rancen gida. Masu gudun ruwa kuma suna da bankuna irin su Jaiz. Sai dai duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa, BVN ɗaya za ka miƙa, rahoto ɗaya za a buɗe. Mai ba da rancen shekara 30 ba ya wasa da wanda ya yi watsi da na wata shida, kuma ragowar tsohon bashi na rage abin da za a ce albashinka zai iya ɗauka.

A ganina laifin ba na manomi kaɗai ba ne. 'Yan siyasar da suka bar mutane suna ɗaukar rancen kamar kyauta, da jami'an da suka kai taki bayan shuka ta yi nisa, su ma suna da kaso. Amma ba sunayensu ke cikin rajistar ba. A ƙarshen 2023 Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya dakatar da karɓar sabbin buƙatu a shirye-shiryen tallafinsa, ya bar wa bankunan da suka raba kuɗin aikin karɓo abin da ke waje.