Yadda ake tsara rumbun bayanai na lambobin rabe-raben sana'o'i

Duk hukumar da ke ƙididdigar tattalin arziki tana bai wa kowace sana'a lamba, domin a san yawan manoma, masu masana'antu da 'yan kasuwa. Tsarin da ƙasashe da dama ke bi shi ne ISIC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara amfani da shi a 1948. Bugu na huɗu, wanda ya fito a 2008, yana da sassa 21, rassa 88, rukunai 238 da azuzuwa 419, kowane mataki a ƙarƙashin na samansa. Shi ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta koma kansa lokacin da ta sabunta lissafin arzikin Nijeriya a 2014.

Mai tsara rumbun adana waɗannan lambobi a kwamfuta yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya buɗe jadawali huɗu, ɗaya ga kowane mataki. Wannan tana da sauƙin fahimta, sai dai tana rushewa da zarar an shigo da wani tsari mai matakai dabam, kamar NAICS na Amurka, Kanada da Meziko, wanda ke da matakai biyar da lambobi har shida. Ta biyu ita ce jadawali guda, inda kowane layi ke ɗauke da lamba, suna, mataki, da kuma alamar layin da ya haife shi. Wannan ta fi ɗorewa, domin ƙarin mataki ba ya buƙatar sake gini.

Wani zai ce ai lambar da kanta tana nuna asalinta: noman shinkafa 0112 ne, yana cikin rukuni 011, a reshe 01. Haka ne, amma ba ko'ina ba. Sassan ISIC a bugu na huɗu haruffa ne, daga A zuwa U, kuma babu harafin a cikin lambar. Ba abin da ke nuna cewa rassa 10 zuwa 33 na sashen C ne. A NAICS ma, masana'antu sun mamaye 31 zuwa 33 a matsayin sashe ɗaya. Saboda haka wajibi ne a rubuta dangantakar a fili, kada a dogara da yanke lamba.

Haka kuma a adana lambar a matsayin rubutu, ba adadi ba. Idan kwamfuta ta ɗauke ta adadi, sifirin farko zai ɓace, 0112 ta koma 112, alhali babu rukuni mai wannan lamba a bugu na huɗu.

Babban tarkon shi ne sauyin bugu. A bugu na 3.1, lamba 1511 tana nufin sarrafa nama. A bugu na huɗu kuwa jimar fata take nufi. Idan rumbun bai ajiye bugun kowace lamba ba, majemar Kano da mayanka za su faɗa gurbi ɗaya, alƙaluman shekaru kuma su cakuɗe ba tare da kowa ya lura ba. Mafita ita ce kowane layi ya sami tasa alama ta cikin gida wadda ba ta canzawa, a kuma hana maimaita lamba ɗaya a cikin bugu ɗaya.

Daga nan sai a ƙara jadawalin da ke haɗa tsofaffin lambobi da sababbi, domin aji ɗaya na iya rabuwa gida biyu, biyu kuma su haɗe. Bayanan kamfani su riƙa nuni ga layin da aka yi masa rajista da shi, tare da ranar da aka yi. Ta haka ne mai bincike zai iya kwatanta alƙaluman 2005 da na bana ya san abu ɗaya yake aunawa.