Itacen Kyauta a Amurka: Inji, Gatari da Dogon Jira

A ƙauyukan arewacin Amurka, a jihohi irin su Maine da Vermont da Michigan, duk daren da iska mai ƙarfi ta kwana tana kaɗawa, ƙarar injin yankan itace ce ke tashin mutane da safe. Wata bishiya ta faɗo ta tare hanya, wata ta danne shinge, wata ta tsinka wayar lantarki. Mai gida yana neman wanda zai raba shi da ita, ga kuma masu a-kori-kura suna zagawa suna sallama, ko za a bar musu su kwashe. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Wata biyar ko shida ana fama da dusar ƙanƙara, kuma miliyoyin gidaje da wutar itace suke ɗumama ɗaki, wasu don rage kuɗin gas da lantarki, wasu kuwa ba su da wani abin dogaro sai ita.

Hanyoyin samun itacen suna da yawa. Kamfanonin da ke sare bishiyoyin cikin gari sai sun biya kuɗi kafin su zubar da gumagumai a juji, saboda haka da murna suke juye wa mai so a ƙofar gidansa. Hukumar kula da dazukan gwamnatin tarayya tana ba da takardar izinin ɗibar itace a kan kuɗi kaɗan, a wasu dazukan ma kyauta. Sai dai takardar tana tafe da sharuɗɗa: matacciyar bishiya za ka taɓa, a yankin da aka nuna maka, gwargwadon abin da aka rubuta maka, kuma a wurare da dama dole ka riƙe shebur da abin kashe gobara. Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa kod, wato jerin itace mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4. Gidan da ya dogara da itace kaɗai kan cinye irin wannan jeri uku, huɗu ko fiye kafin sanyi ya wuce.

Akwai kuma wata musiba da ta cika ƙasar da itacen banza. A shekarar 2002 aka gano wani ƙwaro kore mai sheƙi, wanda asalinsa daga Asiya ne, a kusa da birnin Detroit. Tsutsarsa tana shiga ƙarƙashin ɓawon bishiyar da suke kira ash, ta cinye hanyar da ruwa da abinci ke bi, cikin 'yan shekaru bishiya ta bushe a tsaye. Ya kashe miliyoyin bishiyoyi, ya bazu a jihohi sama da 30, ya kuma shiga Kanada. Shi kansa ƙwaron ba ya tafiya mai nisa a shekara, mutane ne suka yi masa jigila a cikin itacen girki. Shi ya sa jihar New York ta hana ɗaukar itacen da ba a gasa shi an kashe ƙwarin ciki ba zuwa nisan da ya wuce mil 50 daga inda aka sare shi. Na ga hikima a wannan doka, domin mutum zai ɗauki gungume da zuciya ɗaya, bai san ya kai wa wani daji ajali ba.

To, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda aka bar wa bishiya kyauta, aikin da ke gabansa ya fi kuɗin da bai biya ba, kuma farkonsa inji ne. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera injin yankan itace mai aiki da lantarki a 1926, sannan mai shan fetur a 1929, amma na farkon nan nauyinsu sai mutum biyu. Sarƙar da ake amfani da ita yau kuwa wani mai aikin katako ne a jihar Oregon, Joseph Cox, ya ƙirƙiro ta wajen 1947, bayan ya zauna ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke gaigayar kututture da haƙora biyu, wannan ya yanka dama, wancan ya yanka hagu. Haka haƙoran sarƙar suke a jere har yanzu.

Injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, ana haɗa masa ne a cikin fetur, yawanci kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur. Wanda ya manta ya zuba fetur tsantsa, cikin mintuna kaɗan injin zai ƙone. Akwai kuma wani ƙaramin tanki na man da ke jiƙa sarƙa. Gwanaye ba sa tambayar ko sarƙa na da kaifi, abin da take fitarwa suke dubawa: in tana watso ɓarɓashi manya-manya, lafiya lau, in kuwa gari take fitarwa, lokacin ɗauko magagari ya yi. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ko ta ci karo da ƙusar da wani ya buga wa bishiyar tsakar gida shekara talatin da suka wuce, kaifinta ya tafi.

Nan ne ya kamata a tsaya a nutsu. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan saman hancin injin ya taɓa wani abu mai tauri, injin kan yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Domin haka aka sa masa birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa nan take. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce kimanin mutum 36,000 ake kaiwa asibiti kowace shekara saboda raunin wannan inji. Masu hankali a cikinsu ba sa tayar da shi sai sun sa hular kwano mai ragar kare fuska, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, da wani wando na musamman cike da zaruruwa masu ƙarfi. In sarƙa ta kama wandon, zaruruwan ne za su fito su cushe injin ya tsaya kafin ya kai ga cinya.

Bishiyar da iska ta kayar ta fi ta tsaye haɗari, duk da ana ganin kamar an riga an rage aiki. Wani reshen yana danne ne a lanƙwashe, da zarar an yanke abin da ke riƙe shi sai ya miƙe da ƙarfin da zai karya ƙashi. Wani gungumen yana matse bakin inji ya ƙi saki. Matacciyar ash kuwa gautsi gare ta, reshe kan ɓalle daga sama ba tare da wata alama ba.

Bayan an yanka gunduwa-gunduwa, kamar inci 16 kowanne don ya shiga murhu, sai faskare. Wasu da gatari mai kauri mai nauyin kilo 3 zuwa 4 suke yi, suna bin tsagar da suka gani a fuskar gungume. Wasu kuma sun sayi inji mai tura gungume a kan ƙarfe mai kaifi da ƙarfin tan 20 ko fiye, wanda maƙwabta kan haɗa kuɗi su saya.

Dalilin faskaren ba don itacen ya shiga murhu kaɗai ba ne. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ɓawo kuma yana riƙe wannan ruwa. In aka sa shi a wuta haka, zafin da ya kamata ya ɗumama ɗaki sai ya ƙare wajen ƙafar da ruwan, wutar ta yi sanyi, hayaƙi ya turnuƙe. Hayaƙin nan yana daskarewa a cikin bututun da ke fitar da shi, ya zama baƙar kunkunniya mai danƙo, wata rana ta kama da wuta ta cinye gida. Saboda haka sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 ake cewa itace ya isa ƙonawa. Ana jera shi a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa kawai, a bar gefe iska da rana su yi aikinsu. Mai laushi kan bushe cikin wata shida zuwa shekara, mai tauri irin oak sai shekara biyu. Wato itacen da mutum ya sha wahalarsa bana, na baɗi ne ko na baɗin baɗaɗa. In an buga busassu biyu da juna sukan yi ƙara garau, ɗanyu kuwa sai dai ka ji dum.

Abin da ya fi burge ni shi ne rumbunan itace da ake kafawa a garuruwan Maine da Vermont. 'Yan sa-kai kan taru ranar hutu su yanka, su faskara, su jera, in sanyi ya tsananta a kai wa tsofaffi da marasa hali har gida.

Injin yankan itacen nan ya iso mu, kuma duk mai bin hanyoyin dajinmu ya ji kukansa. Sai dai sau da yawa ɗanyar bishiya ake kayarwa da shi don gawayi ko katako, abin da gatari zai wuni yana sara, shi cikin mintuna ya gama. Ghana ta hana tsaga katako da shi don sayarwa tun 1998, ganin yadda yake cin daji. Yaran da ke riƙe shi a wajenmu kuma da silifa da singileti suke aiki, babu hula, babu abin kunne.

Ina roƙon masu waɗannan injina da ke ba yara haya: kafin ku miƙa wa ɗan wani, ku tabbatar birkin yana aiki, ku saya masa hular kwano da takalmi, ku nuna masa inda hancin injin ke cizo. Ku kuma masu unguwanni da ma'aikatan gandun daji, darbejiyar da iskar farkon damina ke kayarwa a garuruwanmu tana da yawa, a fara tura masu inji wajenta kafin a bar su su shiga daji.