Yadda Muka Sha Jaura A Wurin Kallon Ƙwallon Bezbol A Jami'ar Mishigan

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwanmu masu buɗe dilar gwanjo a kasuwannin Ƙwanni da Illela da Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, babu mamaki ko kun sha cin karo da wata rigar sanyi mai kauri, shuɗiya, da ƙaton harafin M ruwan ɗorawa a ƙirjinta. Da zarar hunturu ya kama, irinta ce 'yan kabu-kabu ke fara tayawa. To, wannan harafi tambarin Jami'ar Mishigan ne da ke garin Ann Arbor, kimanin kilomita 70 yamma da birnin Detroit a arewacin Amurka. Allah Ya kai mu garin a cikin wani watan Maris domin ziyarar wani ɗan ƙanenmu da ke karatu a can, kuma a can ne muka gane dalilin da ya sa aka yi wa rigar nan wannan kauri.

Shi yaron ne ya matsa sai mun je kallon wasan bezbol na jami'arsu. Da muka fito da babbar riga da 'yar suwaita a ciki, sai ya dube mu ya ce, "Kawu, a haka za a je?" Muka ce masa mu da muka sha kwana a bayan kamiyo tsakanin Tawa da Agadas a tsakiyar hunturu, wane sanyi ne kuma za a nuna mana? Bai yi musu ba, ya dai ɗauko barguna biyu ya rataya a kafaɗa. Ashe ya san abin da ya taka.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, bari mu ɗan yi bayani. Kowace ƙungiya tana da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo mai tauri kamar girman lemu zuwa ga mai duka da ke riƙe da kulki, tazarar mita 18 da ɗoriya. Idan ya sami sa'a ya make ta, sai ya jefar da kulkin ya zuba da gudu. Akwai zango uku a gabansa, tsakanin kowane da na gaba mita 27, sannan ya dawo gida inda ya tashi. Wanda duk ya kewayo ya taka gida, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Idan kuwa aka cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko ta riga shi isa zangon farko, ko jifa mai kyau ta wuce shi har sau uku, to ya fita. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu duka su koma tsaron fili. Haka za a yi har zubi tara. Babu agogon tashi kamar na ƙwallon ƙafa, don haka wasa yakan ci wajen awa uku, wani lokaci har fiye. Ku riƙe wannan awa ukun, domin a nan gizo yake saƙa.

Filin nasu ana kiran sa Ray Fisher, sunan wani mai horarwa da ya riƙe ƙungiyar daga 1921 zuwa 1958, kuma tun 1923 ake wasa a wurin. Bai ɗaukar fiye da mutum dubu huɗu. Abin mamaki, tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga nan akwai filin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa na wannan jami'a, mai cin mutum fiye da dubu 107, wanda yake cika maƙil a lokacin kaka. Amma mu a ranar da muka je bezbol, da a ce an ce mu ƙirga 'yan kallo da mun iya. Kujeru dai ga su nan birjik, sai ka zaɓa ka darje, kamar kasuwa ranar da hadari ya taso tun da hantsi.

Rana ta fito tarwai, amma ranar ado ce kawai, ba ta da zafi ko kaɗan. Wayar yaron ta nuna mana digiri 3 a ma'aunin Salshiyas, to amma iska ce matsalar. Sanyinmu na hunturu yakan yi kara, ya buge ka da asuba, hantsi na ɗagawa ya sake ka. Wannan kuwa tun da muka zauna yake ƙaruwa. Ta ƙasa ya fara shiga, daga bencin ƙarfen da muke kai, sannan yatsun ƙafa, sannan kunnuwa. Kafin a gama zubi na biyu mun karɓi bargon da muka raina, ba tare da mun dubi idon mai shi ba.

A nan muka lura da yadda masu gari suke shiryowa. Mutum zai saka riga uku ko huɗu marasa kauri, wata kan wata, sannan ya ɗora babbar rigar da ke tare iska. Ga hular saƙa har kunne, ga safar hannu, ga matashi ko bargo da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi kafin a zauna, domin su sun san benci ne babban ɓarawon ɗumin jiki. Wata dattijuwa da ke kusa da mu, wadda muka fahimci jikanta na cikin 'yan wasa, ta ga yadda muke murza hannu sai ta miƙo mana wasu 'yan ƙunshi guda biyu masu kama da jakar ganyen shayi. Garin ƙarfe ne a ciki da gishiri da gawayi. Da zarar an yage ledar iska ta shiga, sai garin ya fara tsatsa da sauri, wannan tsatsar ce ke fitar da ɗumi na sa'o'i. Muka jefa su cikin safa. Mun yi ta tunani a ranmu, da wani mai wayo zai shigo da katan-katan na wannan abu tasha a watan Janairu, da direbobin dare da masu gadi sun wawashe.

Galibin waɗanda suka zo iyayen 'yan wasa ne, da tsofaffin da ke riƙe da takarda da fensir suna rubuta duk abin da ya faru a fili, da 'yan ɗalibai kaɗan. Tafi ma ba ya ƙara, tunda kowa hannunsa na cikin safa, sai dai ka ji bub-bub kamar ana kakkaɓe katifa. Abin da ya fi tashi a fili shi ne ƙarar kulki. A manyan ƙungiyoyin ƙwararru da katako ake duka, amma a jami'o'i tun 1974 aka yarda da kulkin ƙarfe, wanda ke yin wani ƙyal! kamar an bugi galma. A cikin sanyi idan ƙwallo ba ta sami tsakiyar kulkin ba, girgizar takan ratsa tafin hannu kamar cizon rina, kuma mun ga yaro ya doka yana gudu yana yarfe hannu. Shi ma mai jifa yana ta hura iska a dunƙulen hannunsa, domin da ƙarshen yatsu yake sarrafa ƙwallon, yatsun da suka sandare kuwa ba su jin umurni. Hatta ƙwallon kanta ba ta yin nisa, saboda iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi. Sau biyu ana make ta sama jama'a su miƙe, sai ta mutu a hannun mai tsaron baya gab da katanga.

Waɗanda suka fi ba mu tausayi su ne masu tsaron can bayan fili, mutum uku da ke tsaye cirko-cirko, wani lokaci minti ashirin ƙwallo ba ta leƙo wajensu ba, sannan a ce in ta zo sai sun zabura da gudu sun cafe.

Wajen abinci kuwa muka yi taka-tsantsan da burodin nan mai tsiren nama a ciki, tunda ba mu san yankan ba. Muka tsaya ga cakulan mai zafi, wanda rabin amfaninsa riƙe kofin ne, da kuma gyaɗa mai ɓawo. Ashe gyaɗar da muke aunawa a tiya ita ce abin taunar masu kallon bezbol tun kaka da kakanni. A tsakiyar zubi na bakwai kowa ya miƙe tsaye aka yi miƙa, aka rera wata tsohuwar waƙa ta 1908, al'ada ce tasu a kowane fili. Mu dai miƙewar ce ta yi mana rana.

To, me ya kai mutane wasan bazara a cikin muku-muku? Wannan ita ce tambayar da muka yi ta yi wa yaron, kuma amsarta magana ce ta kasuwa. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ita ke yanka lokaci. Ana buɗe kakar wasa a tsakiyar Fabrairu, kowace jami'a tana da damar buga wasa har 56, sannan a zaɓi 64 su fafata, takwas daga ciki su haɗu a birnin Omaha na jihar Nebraska a watan Yuni, inda ake yin gasar ƙarshe tun 1950. A Fabrairu jihohin kudu kamar Filorida da Luwiziyana da Tekzas sun fara ɗumi, su kuwa na arewa ƙanƙara ce kwance a filayensu. Saboda haka ƙungiya irin ta Mishigan takan shafe makonnin farko tana yawon bin jiragen sama zuwa kudu da yamma, tana wasa a gidan wasu, ba ta buɗe nata filin sai wajen tsakiyar Maris. Ko a lokacin ma sai an duba sama, domin ƙungiyar jami'o'in da take ciki, mai suna Big Ten, ta kafa ƙa'idar cewa ba a fara wasa idan sanyin da jiki ke ji, haɗe da iska, ya yi ƙasa da wajen digiri 2 ƙarƙashin sifiri.

Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan. Kai kana biyan kuɗin mota da masauki kana cin kasuwar wasu, abokin gasarka yana zaune a rumfarsa ciniki na zuwa har ƙofa. A Jami'ar Jihar Misisipi an taɓa tara 'yan kallo fiye da dubu 16 a wasa ɗaya a 2023. Kuɗin ƙofa shi ke gina fili mai kyau, fili mai kyau da rana mai ɗumi su ke jan yaro mai hazaƙa, ko da kuwa ɗan arewa ne. Sakamakon a bayyane yake. Mishigan ta ɗauki kofin ƙasa a 1953 da 1962, Minesota ta ɗauka sau uku tsakanin 1956 da 1964, Jami'ar Jihar Ohayo ta ɗauka a 1966, daga nan kuma babu wata jami'a daga jihohin da ke kewaye da manyan tafkunan arewa da ta sake ɗaga shi. Daga 2019 zuwa 2025 duk kofin da aka buga jami'o'in kudu maso gabas ne suka kwashe. Jami'ar Wiskonsin ma tun 1991 ta rufe shagon bezbol ɗinta gaba ɗaya.

Ba wai 'yan arewan ba su iya ba ne. A wannan filin ne Jim Abbott ya yi wasa a shekarun 1980, wani ɗan garin Flint da aka haifa ba shi da tafin hannun dama, yana jifa da hagu sannan ya yi wuf ya zura hannun cikin safar cafiya. Daga baya, a 1993, ya yi wa ƙungiyar Yankees ta New York jifa wasa guda cur ba a sami wanda ya yi masa dukan da ya kai shi zango ba. A 2019 kuma Mishigan ta ba kowa mamaki ta kai har karon ƙarshe a Omaha, ta ci wasan farko, sannan Vanderbilt ta jihar Tenesi ta cinye biyun da suka rage.

A ganinmu gyaran ba mai wuya ba ne, a matsar da ranar kasuwa kawai. Kuma an kawo shawarar. A 2020 mai horar da Mishigan na lokacin, Erik Bakich, da wasu takwarorinsa sun fito da tsarin a jinkirta buɗe kaka zuwa tsakiyar Maris, a kai gasar Omaha watan Yuli, suna masu cewa hakan zai rage kuɗin tafiye-tafiye ya kuma ƙara 'yan kallo. Ba a karɓa ba. Dama wanda rumfarsa ke bakin hanya ba ya goyon bayan a sauya wa kasuwa mazauni. Shi kansa Bakich, a 2022 ya tattara nasa-ya-nasa ya koma horar da Jami'ar Clemson a jihar Karolina ta Kudu.

Mu dai mun daure har zubi na tara, ba don jarumta ba, sai don kunyar dattijuwar nan da ba ta ko motsa ba. Da aka tashi 'yan wasa suka jeru suna gaisawa, ita kuwa ta naɗe bargonta ta tambaye mu ko za mu dawo gobe, domin irin wannan karawa wasa uku ake yi a jere, Juma'a da Asabar da Lahadi. Muka ce mata in Allah Ya yarda. A hanyar komawa muka sa yaron ya biya da mu wani kantin gwanjo na cikin gari, muka sayi shuɗiyar rigar nan mai harafin M, irin wadda muka sha wucewa a rataye a kasuwar Maraɗi ba mu taɓa tayawa ba.