Guri: Yadda rikicin manoma da makiyaya ke shiga zukatan yara

Da zarar ruwa ya fara janyewa daga fadamun Kogin Haɗeja, manoma da makiyaya a ƙaramar hukumar Guri ta Jihar Jigawa sukan shiga zaman ɗar-ɗar. An sha yin arangama a yankin, wadda kan jawo asarar rayuka da ƙona matsugunai.

Mazauna yankin sun haɗa da Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Asalin rigimar a kan ƙasa da ruwa take, amma yaran da ke tasowa a cikinta sukan ɗauke ta a matsayin gaba tsakanin ƙabilu.

Tushen matsalar

A da, ambaliyar shekara-shekara ce ke raba wa kowa lokacinsa. Masunta su yi su, manoma su girbe shinkafa, sannan shanu su sauko fadama da rani su ci ciyawa da ragowar amfanin gona, su bar wa manomi taki.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ruwan ke zuwa. Filin da ambaliya ke shafa ya ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren kiwo.

Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, noman rani da injin ban ruwa ya bunƙasa a yankin. Fadamar da makiyayi ya saba samu a buɗe sai ya tarar da ita cike da shuka. An kuma nome wasu burtulla da hanyoyin zuwa mashaya, duk da cewa tun 1965 tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo.

Yara ne a gaba

A al'ada, yara da samari ne ke kora shanu, kuma su ne ake turawa gadin gona. Saboda haka idan dabba ta faɗa cikin shuka, sau da yawa yaro ne ke fara cin karo da yaro, babu babba a kusa da zai ba da haƙuri.

Daga nan kowa ya koma gida da nasa labarin. A ruga a ce manoma sun tare hanya, a gari a ce Fulani sun yi ɓarna. Laifin mutum ɗaya sai ya koma na ƙabila, ko da kuwa makiyayin baƙo ne mai wucewa. Saurayin da ya ƙi bin tsaransa zuwa ramuwar gayya kan sha gori cewa matsoraci ne.

Abubuwan da ke sanyaya zuciya a da su ma suna raguwa. Akwai daɗaɗɗen wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, waɗanda Mangawa reshensu ne, akwai kuma amanar da ke sa manomi ya ba makiyayi kiwon shanunsa. Yaron da ya buɗe ido cikin rikici ba lalle ne ya gaji wannan zumunci ba.

Makaranta ma ba ta cika haɗa su ba. An kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa a 1989 domin kai karatu rugage. Hakan ya taimaka, sai dai yakan sa ɗan makiyayi da ɗan manomi su girma ba su taɓa zama a aji ɗaya ba.

Darasi daga Amurka

A 1954, wani masanin halayyar ɗan Adam, Muzafer Sherif, ya raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani da ke Jihar Oklahoma, ya sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki suka soma zagi da faɗa, alhali launinsu ɗaya ne.

Haɗa su wurin cin abinci bai kashe wutar ba. Gabar ta fara lafawa ne da suka fuskanci matsalolin da sai sun haɗa hannu, ciki har da gyara hanyar ruwan shansu.

Mafita

Gwamnatin Jigawa tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya, masarautar Haɗeja kuma kan sa hakimai da bulamai da arɗo-arɗo su zauna sulhu. Amma galibi dattawa ne ke halartar irin wannan zama, samarin da ke riƙe da sanda da kwari da baka suna waje.

Yankin bai rasa aikin da zai haɗa su ba. Sare kachala da yashe hanyoyin ruwa zai amfani manomi da masunci da makiyayi baki ɗaya, haka ma sake shata burtali. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke hararar juna a bakin gona yau, su ne za su zama bulamai da arɗo-arɗon da za a nema su yi sulhu nan gaba.