Sarauniyar Lugu a Cikin Majigi

A shekarar 1986 ne Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya fito da fim ɗinsa mai suna Sarraounia, wanda ya gina a kan littafin da Abdullahi Mamani na Nijar ya buga a 1980. Ga mai karatu na Jega ko Aliero ko Maiyama, ƙasar da labarin ya auku ba baƙuwa ba ce. Lugu tana cikin ƙasar Arewa ta Dogondutsi, Arawa kuwa suna nan zaune har wajen Kangiwa, cikin Jihar Kabi.

Ga asalin al'amarin. A 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana karkashe mutane. Ran 16 ga Afril ta auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu, shugabar Azna, ta tsaya mata. Bindiga ta rinjayi baka, Sarauniya ta janye cikin daji da jama'arta. Rundunar ta wuce ta yi ɓarna mai tsanani a Birnin Ƙonni. Da labari ya kai Faris, sai aka aiko Laftanan-Kanar Klobb ya karɓe ta. Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe hafsoshin biyu wajen Maijirgi.

Abin lura shi ne, Hondo bai mai da yaƙin Lugu ƙololuwar wasan ba. Ya fi daɗewa a kan abin da kisa ya ke yi wa mai kisa: yadda hafsa ya ke zarcewa daga girman kai zuwa hauka, har ya yar da ƙasarsa ya ce shi sarki ne. Bai kuma rufa wa 'yan Afirka asiri ba. Hannuwan da su ke ƙyasta wuta a rumbuna na baƙaƙen sojoji ne, waɗanda aka yi wa alkawarin ganima da bayi. Sarakunan maƙwabta kuma, waɗansu sun bi Nasara, waɗansu sun kame hannu don ba sa son taimakon matsafiya. Nan ne tambayar ta ke da nauyi ga mutanen ƙasar Gwandu: in maƙwabci ba addininku ɗaya ba, aka zo yanka shi, ina hakkinsa a kanka?

A ganina wasan ya ƙawata Sarauniya fiye da yadda tarihi zai ɗauka, gama Mamani marubucin ƙagaggen labari ne. Har wa yau, a Burkina Faso aka ɗauki hoton, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, yawancin maganar kuwa ba da Hausa a ke yin ta ba. Duk da haka, shi ya ci babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987.