Gaskiya ko Jita-jita: Tallafin Amurka na Ƙa'idojin Tsimin Makamashi a Gine-gine

A Amurka, gidaje da ofisoshi da makarantu da shaguna ne ke cinye kusan kashi uku cikin huɗu na wutar lantarkin ƙasar. Wannan ne ya sa gwamnatin Joe Biden ta ware kuɗi domin jihohi su sabunta ƙa'idojin gini, ta yadda sabon gida zai riƙe ɗumi da hunturu, ya riƙe sanyi da bazara. Dokar ababen more rayuwa ta Nuwamban 2021 ta ware dala miliyan 225, sannan dokar rage hauhawar farashi ta Agustan 2022 ta ƙara dala biliyan 1. Maganganu sun yi yawa a kan waɗannan kuɗaɗe, kuma ga yadda wasu daga cikinsu suke idan aka auna su.

"Kowa na iya cike fom ya samu kuɗin gina gida."

Jita-jita ce. Dala biliyan 1 ɗin nan an tanade ta ne domin jihohi da ƙananan hukumomin Amurka waɗanda ke da hurumin kafa ƙa'idar gini. Ba a sayen siminti ko katako da ita. Ana kashe ta wajen rubuta doka, da horar da magina da masu duba gini, da bin diddigin yawan gine-ginen da suka bi ƙa'ida. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka biya kuɗin rajista domin samun rabonka, damfara ya shirya maka.

"Gwamnatin tarayya ce ke tilasta wa jihohi ƙa'idar."

Ba haka ba ne. Amurka ba ta da ƙa'idar gini guda ɗaya da ta hau kan kowa. Ƙungiyoyin ƙwararru ne ke tsara samfuri duk bayan shekara uku, kowace jiha kuma ta ɗauka, ko ta yi masa kwaskwarima, ko ta ƙi. Tallafin kwaɗaitarwa ne: dala miliyan 330 ga masu karɓar samfurin IECC na 2021 na gidajen zama da ASHRAE 90.1 na 2019 na gine-ginen kasuwanci, dala miliyan 670 kuma ga masu son ƙa'ida mafi tsauri, wadda gini zai samar ko ya samo makamashi mai sabuntawa daidai da abin da yake ci.

"Tsarin amfanin al'umma ado ne kawai a takardar neman tallafi."

A lokacin da ake aiki da shi, ba ado ba ne. Ma'aikatar Makamashi ta buƙaci masu neman kuɗinta su haɗa da wannan tsari, kuma a yawancin gasanninta yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na makin tantancewa. Mai nema sai ya bayyana yadda zai zauna da mazauna unguwa da ƙungiyoyin ƙwadago, da irin ayyukan yi da horon da zai samar, da yadda zai buɗe ƙofa ga waɗanda aka saba bari a baya. A lokacin akwai kuma manufar Justice40, wadda ta nemi kashi 40 cikin ɗari na amfanin irin waɗannan shirye-shirye ya isa unguwannin marasa galihu. Hujjar a fili take: talaka ɗan haya ne ke zaune a gidan da iska ke shiga ta ko'ina, shi ne kuma kuɗin wuta ke cin kaso mai yawa na albashinsa.

"Har yanzu sharuɗɗan suna nan yadda suke."

Wannan ma kuskure ne. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya soke umarnin da ya kafa Justice40, ya ba da umarnin dakatar da fitar da kuɗaɗen dokokin biyu har sai an sake nazari, Ma'aikatar Makamashi kuma ta dakatar da ayyukan da suka shafi tsarin amfanin al'umma. Alƙawarin da ya tsaya a kan umarnin shugaban ƙasa kaɗai yakan tafi tare da mai sa hannun. Ƙa'idar da jiha ta riga ta sa a dokarta ita ce ke wanzuwa.

"Sabuwar ƙa'ida tana tsawwala farashin gida."

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2024 ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta ƙiyasta ƙarin kimanin dala 7,000 a kan kowane sabon gida, tare da rarar kusan dala 1,000 a kuɗin makamashi duk shekara. Ƙungiyar magina gidaje ta ce ƙarin na iya kai wa dala 31,000 a wasu wurare. Ko wanne aka ɗauka, ƙarin sau ɗaya ake biyansa, rarar kuwa tana tafiya muddin gidan na tsaye.

"Da zarar an zartar da ƙa'ida, aiki ya ƙare."

Wannan ce jita-jitar da ta fi illa. Dokar 2022 da kanta ta shardanta cewa mai karɓar kuɗi ya gabatar da shirin horarwa da tilastawa, ya kuma riƙa auna bin ƙa'ida kowace shekara. Ga misali: kafin a miƙa makulli, ma'aikaci yakan toshe ƙofar gida da shimfiɗa mai ɗauke da babbar fanka, ya zuƙe iskar ciki, ya karanta a na'ura yawan iskar da ke kutsowa ta gefen taga da ramin waya da silin. Idan ta wuce kima, sai magini ya dawo ya toshe. In babu wanda aka horar ya yi wannan gwaji, ƙa'idar ba za ta rage kuɗin wuta yadda ya kamata ba.

Nijeriya ma ta ƙaddamar da tata ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta taɓo girman tagogi, da yi musu inuwa, da kare rufi daga zafin rana. Abin da ya kamata mai gini a Kano ko Sakkwato ya tambayi hukumar tsara birninsa shi ne: wa aka horar, wa ke zuwa dubawa, kuma gida nawa aka duba bana?